Allurar Sidibe da Takardar Malamin Asibiti

Ni ne ɗan jagoran kakata ta wajen uba. Shekara uku ina riƙe mata sanda, daga ɗaki zuwa bayan gida, daga gida zuwa wajen suna ko ta'aziyya, tana biye da ni tana yi mini tsiya irin ta kaka da jika. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, bayan an gama ɗaure dawa, sai wani baƙo ya sauka a zauren mai gari. Dogo ne, Hausarsa ba ta nuna ba, yana rataye da jakar fata. Ranar kasuwa aka yi shela cewa sidibe ya zo, duk mai yana a ido ya fito. Shekarata 10 a lokacin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, bayan na girma na shiga aikin asibiti, shi ne yadda ya tace mutanen kafin ya taɓa kowa. Da hantsi ya jera su a tabarma suna fuskantar rana. Ya buɗe idon kowa da babban yatsa, ya leƙa, ya kare hasken da tafin hannu ya janye, ya tambayi mutum ta ina rana take. Wanda tsakiyar idonsa ta yi fari kamar nono, kuma ya iya nuna inda haske yake, sai ya ware shi gefe. Akwai wani dattijo mai idanu garau, baƙi wuluk, amma ba ya gani ko kaɗan, irin wanda muke kira garara. Sidibe ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Baba, naka ba yana ba ce. Sai haƙuri." Bai karɓi ko anininsa ba. Bai kuma ce masa ya je ko'ina ba, don a saninsa daga shi babu sauran wurin zuwa.

Da aka zo kan kakar tawa, Iya, baffana ya zauna a bayanta ya rungume kanta a ƙirjinsa. Sidibe ya tofa addu'a, ya shafa wani abu a gefen idon, ya zaro allura mai ɗan faɗi a baki, ya soka ta a farin ido dab da inda baƙin ya fara. Da idona na ga farin nan na tsakiya ya motsa ya nitse ƙasa. Iya ta ƙifta, ta ƙura mini ido ta ce, "Kai mai gida, ashe haka ka yi tsawo ban sani ba?" Mata suka rangaɗa guɗa. A zaman nan ya yi wa ɗaya idon ma. Aka ba shi akuya da 'yan sulalla. Ya ce a ajiye ta a ɗaki mai duhu kwana bakwai, kada ta sunkuya, shi kuwa kwana uku ya ƙara ya yi gaba. A kwana na biyar idon hagu ya yi jajir ya kumbura, ta kwana riƙe da kai. Cikin wata biyu ya motse. Na dama ya tsira, da shi ta rayu shekara tara tana gane mutum in ya matso, tana bin hanya ba sanda, sai dai ba ta ƙara tsince tsakuwa a shinkafa ba. In an tambaye ta sai ta ce sidibe ya yi mata aiki, na hagun kuwa ƙaddara ce.

Kalmar da muke kiran ciwon da ita ce ta fara ɓatar da mu. Yana ita ce abin da ke taruwa a saman kunu ko madara in sun huce, shi ya sa Bahaushe ya ɗauka wani abu ne ya lulluɓe ido daga waje, a yaye shi a huta. Alhali can ciki, bayan baƙin ido, akwai ɗan madubi mai haske da girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, shi ke tattara haske ya kai shi bayan ido, kuma shi ne da kansa ke dusashewa da tsufa har ya yi fari. Sidibe ba ya fitar da shi. Tsinke zaruruwan da ke riƙe da shi yake yi, ya tura shi ƙasan ido. Haske ya sami hanya amma babu mai tattara shi, sai gani ya zama dishi-dishi, in ba an sa tabarau mai lamba 10 ba, irin mai kaurin gindin kwalba, wanda sidibe ba ya bayarwa. Madubin da aka tura yakan tayar da kumburi ko ya hau da ƙarfin ido, allurar da ba a dafa ba kuma takan shiga da ƙwayar cuta.

Sana'ar tsohuwa ce, ba kuma a nan aka fara ta ba. Littafin likitancin Indiya na Sushruta ya bayyana ta, Rumawa sun yi ta, likitocin Musulmi sun yi ta. Sidibe suna ne na wata zuri'ar Fulani a Mali, dattawanmu kuma sukan ce daga yamma masu allurar ke zuwa. Wajen shekara ta 1000, Ammar al-Mausili da ya yi aiki a Masar ya ƙera allura mai rami a ciki, yana zuƙo yana mai laushi da ita maimakon turawa. Turai ma ta yi nata sidiben, masu yawo gari-gari a keken doki, su yi aiki a dandali su bar garin kafin a kwance bandeji. Sai a 1747 wani Bafaranshe, Jacques Daviel, ya tsaga ido ya fito da madubin waje. A 1949, a Landan, Harold Ridley ya fara sa na roba a gurbinsa. Wannan Ridley ya sha ƙurar yankinmu: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tura shi ƙasar Gana ta yau, ya tafi har Funsi a arewacinta da fitilar duba ido mai aiki da batir, ya duba mutanen da cizon baƙin ƙudan bakin rafi ya makantar, ya wallafa abin da ya gani a 1945.

A ƙasar Hausa, abin da ya sauya lissafi shi ne samun wurin da za a ce wa mutum "je ka can". Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi. Ta wajen kutare ƙofa ta fara buɗe musu, a shekarun 1930, da aka miƙa wa mishan ɗin SIM zangon kutare na Yadakunya a Kano, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Amanawa a Sakkwato. A 1943 likitansu Douglas Hursh ya buɗe asibitin ido a Sabon Garin Kano, wanda yau yake hannun cocin ECWA, mu kuwa har gobe asibitin mishan muke ce masa. Mutane suka riƙa zuwa daga Damagaram da Maraɗi, daga Borno da Chadi da Kamaru. A 1962 aka sami na Kaduna, kamfanin giya na Guinness ne kuma ya ba da kuɗin gina shi. Na san malaman allo da aka buɗe wa ido a can, suka dawo suka ci gaba da karatu, ba wanda ya tsaya tambayar kuɗin wa aka sa. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna an kafa ta da doka a 1979, amma sai farkon shekarun 1990 ta fara karɓar jama'a a mazauninta. Ranar da ake soka wa Iya allura, asibitin Kano ya shekara 23 da buɗewa, tsakaninmu da shi bai kai tafiyar yini a mota ba. Ban ji wanda ya kawo zancensa a gidanmu ba.

Tsakanin ƙauye da waɗannan asibitoci mutum ɗaya ne ke tsaye, malamin asibitin sha-ka-tafi, wanda tun zamanin En'e ake turawa gunduma-gunduma. Shi na zama a 1978, shekarar da ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne tushe. Ni sai bayan shekaru na ji labarin taron. Kayan duba idon da na tarar su ne tocila mai batir biyu, auduga, man ido na tetracycline, da allon gwaji mai harafin E yana kallon sama da ƙasa da hagu da dama, don wanda bai yi boko ba ya nuna da yatsu uku. Ƙanen allon da Snellen ya ƙirƙira ne a Holan a 1862. Mita 6 ake tsayar da mutum daga allon, ɗakina bai kai ba, sai na kafa ƙusa a jikin darbejiyar ƙofar asibiti. Wanda ya kasa ganin babban harafi sai ka matso kana ɗaga masa yatsu. In ya kasa ƙirga su a mita 3 da idonsa mai dama-dama, a lissafin likitoci makaho ne, ko da yana zuwa gona da kansa.

Aikin duk tambaya guda ce: wannan idon nawa ne, ko na gaba ne? Mafi yawa nawa ne. Jan ido mai ƙaiƙayi da kwantsa, gani bai ragu ba, saman baƙin idon yana sheƙi, wannan a wanke, a shafa mai, a hana haɗa mayafi da kwalli. Irinsa ne afolo, wanda ya ɓulla a Gana a 1969, daidai lokacin da Amurkawa suka sauka a wata da kumbon Apollo 11, jama'a suka ce daga can aka kwaso shi. Yakan cika mini benci a mako guda ya wuce da kansa. Ɓarnar daga abin da ake ɗigawa take zuwa: ruwan suga, nonon mai jego, ruwan albasa, fitsari, har ruwan batir na gani. Fitsarin mai ciwon sanyi kuwa cikin 'yan kwanaki yake cinye baƙin ido.

Na gaba ba su da yawa, amma su ne ke hana barci. Lokacin sussuka manomi zai zo ƙaiƙayin gero ya kankare masa ido, yana hawaye, ba ya son haske, ka haska ka ga ɗigon fari a kan baƙin. Gyambo ne, in ya daɗe ko ya bar hakiya ko idon ya fashe. Jinjiri ɗan kwana uku da idanu kumbure suna fitar da mugunya ba ya kwana a wajena. Yaron da tsakiyar idonsa ke ƙyalli fari in an haska, kamar na kyanwa da dare, yana iya zama ciwon daji, wanda rai yake ɗauka, ba ido kaɗai ba. Idon da tsinke ko ƙarfe ya huda ba a shafa masa komai, a kife masa gindin kofin roba kada a danna, a nemi mota. Mutum ɗaya ne ba na gaggawar turawa, wanda siminti ko ruwan batir ya fantsama wa. Shi kwantar da shi nake yi in yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta minti 20 zuwa 30, sannan a yi zancen tafiya.

A shekarun farko bazara ce lokacin tashin hankali, don lokacin ƙyanda ne. A rufe yaro a ɗaki, ya ƙi abinci, ya ƙi buɗe ido, ɗan bitamin A da ke jikinsa ya ƙare, bayan mako a buɗe idon a tarar baƙin ya narke. Da yawan makafin da ke sa'annina ta nan suka shiga. Rigakafi da 'yar jar ƙwayar bitamin da ake matsa wa yara a baki sun yi aikin da wuƙar likita ba za ta yi ba. Sai amodari, ciwon ƙura da ƙuda da ƙarancin ruwan wanke fuska. Ka juya fatar idon yaro ka ga ƙuraje kamar ƙwayar gero. Uwarsa kuma, da ta shekara 30 tana kamuwa, fatar ta tattare ta juyo da gashin ido ciki yana gogar baƙin. Irin waɗannan matan da matsefata a wuya suke yawo, kowace safiya a tsige musu gashin, ya sake fitowa da kaifi. Aikin gyaran fatar bai kai rabin awa ba, amma a da sai an je birni.

Yanzu in faɗi abin da na fi jin kunyarsa. Akwai maganar da muka gada daga manyanmu a aiki, "a bari ta nuna". Tana da dalili a zamaninta. Madubin gaba ɗaya ake cirewa a ba mutum tabarau mai kauri, don haka babu riba a taɓa idon da ke ɗan gani. Mu kuma sai muka mai da ita amsar duk tsohon da ya ce ganinsa ya ragu. A 1983 wani manomi ɗan shekara 50 da 'yan kai ya zo ya ce, "Malam, karo nake yi da abubuwa ta gefe. Jiya ma da turmi na yi tuntuɓe." Na tsayar da shi a gindin darbejiya, ya karanta har layin kusa da ƙarshe. Na haska, ban ga fari ba. Na ce, "Baba, yana ce ke tasowa. Ka dawo in ta rufe." Ya yi godiya, washegari har da aiko mini ƙwan zabi. Bayan shekara biyu ya dawo, yaro a gabansa riƙe da sanda. Ya zauna ya ce, "Malam, ta nuna." Na haska. Baƙi wuluk, 'yar tagar tsakiyar ido ko motsi ba ta yi. Nan take na tuna dattijon da sidibe ya sallama. Na rubuta takarda na tura shi Kano, aka ce hawan jinin ido ne, jijiyar gani ta mutu a duka biyun. Sidibe ya gane ciwon bai da inda zai tura. Ni da nake da wurin turawa ban gane ba.

Shi ma wannan sunan yana ruɗarwa, don mai hawan jinin ido yana iya zama jininsa lafiya lau. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, ƙarfinsa sau da yawa ya haura 21 a ma'auni, ya riƙa cin jijiyar gani daga gefe zuwa tsakiya, ba zafi, ba ja. Ya fi kama baƙar fata, ya fi kama mu da wuri, yana kuma bin dangi. Abin da ya ci ba ya dawowa, sauran ne ake tarewa da ɗigo ko aiki. Madubin leƙa bayan ido, wanda da shi ake ganin jijiyar, Helmholtz ya fito da shi a Jamus tun 1851, ni kuwa ban riƙe shi ba sai ƙarshen shekarun 1980, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya aka riƙa kiranmu kwas. Amma ba zan fake da rashin kayan aiki ba. Da na zauna gabansa na sa ya rufe ido ɗaya, na kawo yatsana daga gefe ina motsawa, da na gane cikin minti biyu. Da ma na saurari zancen turmin, ya isa.

Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya a Nijeriya, aka duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13. Arewa maso gabas ce kan gaba da kashi 6.1, kudu maso yamma kuwa 2.8. Yana ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kusan 17, kuma kashi 84 abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Lambar da ta fi ba ni mamaki wata ce daban. Cikin idanun da aka yi wa aikin yana, sama da kashi 40 allurar sidibe ce ta taɓa su, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan ba sa gani. Sama da shekara 60 ke nan bayan buɗe asibitin Kano.

Masu ilimi sukan ce jahilci ne. Ni da na rubuta takardun turawa ba adadi ban yarda da wannan duka ba. Takarda tana nufin kuɗin motar mutum biyu, don makaho ba ya tafiya shi kaɗai. Tana nufin ɗan rakiya ya bar gona, a nemi masauki a birni, a yanki kati, a bi layi, wataƙila a ce a dawo bayan wata. Ga jita-jitar cewa ƙwaƙule ido ake yi a wanke a mayar. Sidibe kuwa har zaure yake zuwa, bayan girbi, ya karɓi akuya ko damin gero, ya yi aiki gaban dangi, a ga sakamako nan take. Lokacin da idon zai lalace ya yi nisa. Sau da yawa na ga takardata bayan shekara, a ninke cikin hula ko a ƙulle a bakin zane, ta yi laushi kamar laya, ba ta je ko'ina ba. Wadda ta je ɗin ma da wuya amsa ta dawo, sai in mara lafiyan ya biyo ya ba ni labari. Malamin da ba a faɗa masa ya yi daidai ko kuskure ba, ta ina zai koya?

An sami ci gaba, ba na musu. Aikin yana yanzu bai fi minti 20 ba a hannun gwani, a sa madubin roba, washegari a kwance a gani, ba sauran jiran ta nuna. Likitoci sun koyi dabarar sidibe suna bin garuruwa da aikin ido kyauta. Tun 1987 kamfanin Merck ke ba da Mectizan, maganin makantar bakin rafi, kyauta, a Janairun 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta katse makantar bakin rafi. Gana ta rabu da amodari a matsayin annobar jama'a tun 2018. Yaran da suka gaje mu sukan ɗauki hoton ido su tura wa ma'aikaciyar ido ta WhatsApp, amsa ta zo kafin mutum ya tashi daga benci.

Sabuwar allurar tana shagon kemis. Ɗigon da ke ɗauke da dexamethasone yana kashe ja da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya, don haka uwa ta yi ta saya wa yaro mai ƙaiƙayin ido wata da watanni, ƙarfin idon na hawa ba ta sani ba. In kuma gyambo ne, ƙara masa gudu yake yi. Garin neman gira a rasa ido. Ga ciwon suga da ya shigo gidaje, yana cin bayan ido shiru, mai shi ya shekara 10 yana karɓar ƙwaya ba a taɓa leƙa masa ido ba. Likitocin ido a Nijeriya ba su kai 1,000 ba, mafi yawansu kuma a manyan birane suke, saboda haka har yanzu idon talaka a gaban malamin asibiti ko likitan kowa-da-kowa yake fara zama.

In ka kai tsohonka asibiti aka ce maka yana ce, a jira ta nuna, ka tambayi wanda ya faɗa ko ya gwada kowane ido shi kaɗai, ko ya auna ƙarfinsa, ko ya leƙa jijiyar. In bai yi ba, ka roƙe shi takarda ka wuce asibitin ido cikin makon nan. In kuwa aka ce hawan jinin ido ne, ka koma gida ka kwaso 'yan'uwansa da 'ya'yansa da suka kai shekara 40 a auna su, har da kai.